Tarin da ake ɗora wa hunturu

Idan hunturu ya sauka a Madachi, kusan kowa tari yake yi, daga ɗan makaranta har mai sussukar dawa. A nan saurayi mai shan taba yake samun mafaka. Ka tambaye shi, ya ce ƙura ce. To amma ƙura tana kwantawa da zarar ruwa ya sauka, shi kuwa tarinsa na asuba, mai fito da kaki, yana nan daram.

Likitoci suna da ma'auni: tari da kaki na wata 3 a shekara, shekara 2 a jere, in an tabbatar ba tibi ba ne, shi ne daɗaɗɗen kumburin hanyoyin numfashi. Hayaƙi yana kassara 'yan siraran gasun da ke share hanyoyin, majina ta taru, sai tari ya fitar da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ba a jin ƙararta. Gubar da ta taɓa huhu ba ta tsayawa nan, cikin jini take wucewa. Nikotin yana hanzarta zuciya, yana ɗaga hawan jini. Bangon jijiyoyi yana kumbura, kitse ya liƙe masa, jini ya riƙa saurin daskarewa. Ana fara wannan gini tun mutum bai yi aure ba, sai ya tara iyali bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki su bayyana.

"Ai kara ɗaya nake sha," in ji samari. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2018 ya nuna mai shan kara 1 a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayarwa kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai doka ba ta zuwa teburin mai taba da ƙafarta, aikin hukumomin Rano da Kibiya ne su kai ta.

Mai irin wannan tari ya bar maganin kemis, ya je babban asibitin Rano a gwada kakinsa, a auna jininsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara 1 bayan barin taba, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya yana komawa kusan rabin na wanda yake ci gaba da sha.