TAKIN RANGWAME NA GONA NE, BA NA KASUWA BA

Tondibiya gari ne a bakin kogin Isa, yamma da birnin Yamai. Sunan na Zabarmanci ne, ma'anarsa baƙin dutse. A tudu ana noman hatsi da wake. A bakin ruwa ana yin shinkafa da garka. Ƙasa ta gaji, sai da taki. Amma takin zamani yana da tsada. Shi ya sa gwamnati take taimako da rangwame.

MINE NE RANGWAME?

Rangwame ba kuɗi ba ne da ake ba manomi a hannu. Gwamnati ce take biyan wani kashi na kuɗin buhu, manomi ya biya sauran. Ga misali. A ce buhu yana jika 20 a kasuwa, kai ka biya jika 13 da rabi. To, gwamnati ta biya maka jika 6 da rabi ke nan. Kuɗin nan daga baitulmali suke fitowa, wato dukiyar jama'a duka.

YADDA AKA FARO

A 1962 aka kafa UNCC don ta haɗa kan manoma cikin ƙungiyoyi. A 1978 aka kafa ONAHA, mai kula da gonakin ban ruwa irin na Saga da Kirkisoy. Daga baya ma'aikatar CAIMA ta riƙa sayo taki daga waje. Ta yi shekaru tana sayar da buhu mai kilo 50 a kan jika 13 da rabi.

Amma an gamu da matsaloli. Sau da yawa takin bai iso ba sai shuka ta yi nisa. Bai wadaci kowa ba. Wani kuma ya faɗa hannun 'yan kasuwa, suka sake sayar da shi da tsada. Saboda haka a 2018 gwamnati ta sake tsari. Aka bar wa 'yan kasuwa shigo da taki. Aka gwada ba ƙananan manoma takardar rangwame da sunansu, su kai kanti su karɓi buhu.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Ka shiga ƙungiyar manoman garinku. Ka tabbata an rubuta sunanka da girman gonarka.

2. Ka tambayi malamin gona kuɗin buhu na bana kafin ka biya.

3. In ka biya, ka karɓi takarda. Yanzu ka iya karatu, ka karanta ta da kanka.

4. Kada ka sayar da takinka. Kuɗin za su ƙare cikin mako ɗaya, gona kuma ta kwana da yunwa.

KAƊAN MA YANA AIKI

Masu bincike na tashar ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, sun gwada wata dabara a gonakin hatsi. Ba a watsa taki ko'ina. Ana sa takin 15-15-15 cikin marfin kwalbar lemo ɗaya, wajen giram 6, a kowane rami lokacin shuka. Eka mai rami 10,000 kilo 60 take ci, wato buhu ɗaya da kilo 10. Wanda bai da ƙarfin buhu, sai su haɗa kuɗi su biyu ko uku su raba.

Kada mu manta da takin dabbobi. Manomi ya bar makiyayi ya kwana da shanu a gonarsa bayan girbi. Shanu su ci kara, gona ta sami taki. Kowa ya ci riba, kuma zaman lafiya ya ƙaru.

'Yan uwa na Tondibiya da kewaye, ku tattauna zancen nan a makarantar yaƙi da jahilci. Ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: a rubuta suna tun ruwa bai sauka ba.