Cutar Shanyewar Jiki: Abin Da Binciken Likitocin Badun Ya Tono

Duk wanda ya taɓa zama a Sabo, unguwar Hausawa ta Badun wadda aka kafa tun shekarar 1916, ba zai rasa sanin gidan da aka wayi gari maigida ya faɗi ba: baki ya karkace, hannu da ƙafa na ɓangare guda sun saki, magana ta ƙi fita. Nan da nan sai a ce iska ce ta buge shi, a shiga neman turare da rubutun sha, alhali kuwa tsakanin unguwar da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun tafiya ce ƙanƙanuwa, kuma a cikin wannan asibiti ne aka yi shekaru fiye da hamsin ana bin diddigin wannan cuta.

Asalin abin a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyoyin da ke kai mata jini, ko dai ɗaya ta toshe, ko kuma ta fashe jini ya malala. Sashen da jini ya yanke masa yakan fara mutuwa cikin 'yan mintoci, gaɓoɓin da yake sarrafawa kuwa sai su daina aiki.

Wanda ya share fagen wannan bincike shi ne Shehun Malami Benjamin Osuntokun, wanda aka haifa a 1935, ya rasu a 1995. A da, likitocin Turawa da dama sun ɗauka hawan jini da abin da yake haifarwa ba su cika kama baƙar fata ba. Osuntokun da abokan aikinsa suka buɗe rajista a Badun daga 1973 zuwa 1975, suna rubuta duk wanda cutar ta kama, suka buga sakamakon a 1979: kimanin mutum 26 cikin kowane 100,000 a shekara, hawan jini kuma shi ne kan gaba wajen jawo ta. Wannan rajista tana cikin irinta na farko a Afirka, kuma har yau masu bincike suna komawa gare ta.

Bayansa sai Shehun Malami Mayowa Owolabi, shi ma likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Badun, ya ɗora. Ya jagoranci wani babban bincike mai suna SIREN a asibitoci 15 na Nijeriya da Ghana, ciki har da na koyarwa na Kano da Zariya, watau da Hausawa cikin waɗanda aka auna. An gwama marasa lafiya 2,118 da masu lafiya 2,118, sa'o'insu a shekaru, don a ga me ya bambanta su. Aka buga sakamakon a 2018 a mujallar Lancet Global Health.

Abin da aka gano ya isa a tsaya a kansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyatan jijiya ce ta fashe musu, abin da ya zarce yadda ake gani a Turai, kuma wannan nau'i ya fi saurin kisa. Hawan jini kaɗai yana da hannu a wajen kashi 90 cikin 100. Sauran abubuwan sun haɗa da kitse a jini, ciwon sukari, teɓa, damuwa, ciwon zuciya, shan taba, rashin motsa jiki, barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, yawan cin nama, da ƙarancin cin ganye.

To, a nan ne maganar ta shigo gida. Arzikin Sabo tun asali a kan fataucin shanu da goro aka gina shi, kuma tsiren unguwar ya yi suna a duk Badun. Ɗan kasuwar da ke wuni zaune a rumfa, ya rufe dare da tsire da balangu, bai taɓa miƙa hannu an auna jininsa ba, shi ne ainihin mutumin da alƙaluman nan ke kwatantawa. Maganin kuwa ba a nesa yake ba: zogale, rama, alayyafo da ganyen wake, waɗanda wasu ke raina su a matsayin cimar talaka, irinsu ne binciken ya nuna suna ba da kariya.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya yin shekaru da shi bai ji komai ba, saboda haka awo ne kaɗai ke tona shi. Idan awon ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, sai a ga likita, kuma wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi.

In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya sarƙe, kada a jira gari ya waye. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti. Ana iya yin ta a cikin mota. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambanta toshewa da fashewa, maganin narkar da gudan jini kuwa galibi ba a ba da shi sai cikin awa huɗu da rabi na farko. Likitocin Badun sun yi nasu. Saura masu unguwanni da limamai su sa awon jini ya zama abin da ake yi a ƙofar masallaci da bakin kasuwa.