Alfonsina, macen da ta yi tseren keke da maza

Kun san irin kallon da ake yi ma mace in ta hau keke a ƙauye. Haka abin yake a Italiya sa'ad da aka haifi Alfonsina Strada a 1891, ɗiyar talakawa manoma. An yi ta yi da ita, ba ta sauka ba. Mijinta ma, da suka yi aure a 1915, keken tsere ya ba ta.

A 1924 mijin yana kwance asibitin masu taɓin hankali, ga ɗawainiya a kanta. Ta shiga babban tseren kewaya Italiya, ita kaɗai mace cikin mutum 90. Kilomita 3613 ne, kamar Yamai zuwa Damagaram sau huɗu!

Wata rana cikin ruwa da iska ta faɗi, ƙahon keken ya karye. Aka ɗaura mata sandar tsintsiya a madadinsa. Da ita ta ƙarasa zangon, amma lokaci ya wuce. Alƙalai suka fidda sunanta daga lissafi, suka bar ta ta ci gaba. Ta kai har Milan, alhali maza wajen 60 sun watse a hanya.

Da shekara ta kewayo ta sake neman shiga, aka hana ta.