Ko Ka San Za Ka Iya Harhaɗa Tashar Auna Yanayi da Hannunka?

Washegarin ruwan farko, tambaya ɗaya ce a bakin kowane manomi: ya kai na shuka? Sai ka ga dattijo ya durƙusa a gona yana tona ƙasa da yatsa ko da bakin fartanya, yana duba inda lema ta tsaya. Wannan awo ne na gaskiya, da shi kakanninmu suka ciyar da gidajensu. Sai dai dole mutum ya taka har gonar, kuma awon ba ya barin lissafin da za a gwada bana da bara. Ga shi ruwan damina a ƙasarmu ba ya sauka bai ɗaya. Sai a kwana ana tafka shi a wannan ƙauye, na gaba da shi ko yayyafi bai gani ba.

Ko ka san akwai 'yar na'ura, girmanta bai wuce akwatin rediyo ba, da za ta tsaya a gona dare da rana tana auna ruwa da iska da zafi, ta riƙa aiko maka da labari har cikin ɗaki ba tare da an ja waya ba? Kuma kayan haɗa ta ba su fi ƙarfin ɗalibin sakandare mai naci ba. Abin da ke ba mutane wuya shi ne sanin wane kaya za su saya, da yadda za su gane na ƙwarai a cikin na jabu.

Tsohuwar sana'a a sabon akwati

Auna ruwan sama ba yau aka fara ba. A shekarar 1441, zamanin Sarki Sejong na ƙasar Koriya, aka ƙera wani tulun ƙarfe mai ƙayyadadden girma, daga baya aka rarraba irinsa a larduna don hukuma ta san yawan ruwan da manoma suka samu. Haɗa awo da rediyo kuwa ya zo ne a 1929, lokacin da wani Bafaranshe, Robert Bureau, ya ɗaura ma'auni da 'yar na'urar aika saƙo a jikin balan-balan ya sake ta sama. Tashar da za ka haɗa a gida jikanyar waɗannan biyun ce. Gaɓoɓinta huɗu ne: ma'aunai, da ƙwaƙwalwar da ke karanta su, da rediyon da ke aika saƙo, da batirin da ke riƙe su duka.

Cokali biyu masu ƙirga ruwa

Ma'aunin ruwa shi ne ya fi ban sha'awa, don ana ganin aikinsa da ido. Mazurari ne a sama, ƙarƙashinsa kuma wasu 'yan cokula biyu a haɗe baya da baya, suna rinjaya kamar sikeli. Ruwa na ɗiga cikin ɗaya, da ya cika sai ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya taso ya karɓi aiki. A jikinsu akwai ɗan maganaɗisu, kusa da shi kuma wani siririn bututun gilashi mai harsunan ƙarfe biyu a ciki. Duk sa'ad da maganaɗisun ya gifta, harsunan sai su haɗu su rabu, ƙwaƙwalwa ta ƙirga ɗaya.

A yawancin ma'aunai, rinjaye ɗaya daidai yake da milimita 0.2. Kada ka raina milimita. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Idan na'ura ta ce an yi milimita 20 a daren jiya, to hektarka ta sha lita 200,000.

Wannan ɓangaren ana iya ƙera shi a gida, kuma gwajinsa ba wuya. Idan faɗin bakin mazurarinka santimita 16 ne, milimita 0.2 za ta tara kusan mililita 4. Sai ka sayi sirinji a kemis, ka zuƙi ruwa, ka riƙa ɗigawa sannu a hankali. In cokalin ya rinjaya kafin mililita huɗu ta ƙare, ko ya ƙi rinjaya bayan ta ƙare, sai ka murɗa 'yar ƙusar da yake sauka a kai, sama ko ƙasa, har ya daidaita.

Ma'aunin gudun iska ma dabararsa ke nan. Ludaya uku ne a kan sanda mai juyawa, da maganaɗisu mai ƙirga kewaye. Wani masanin taurari a ƙasar Ayalan, Thomas Romney Robinson, shi ya ƙirƙiro shi a 1846 da ludaya huɗu, daga baya aka gano uku sun fi.

Ƙwayar gero mai aiki uku

Zafi da danshi da nauyin iska kuwa, abu ɗaya na iya auna su duka. Sunansa BME280, ƙirar kamfanin Bosch na Jamus. Faɗinsa milimita biyu da rabi, kusan ƙwayar gero, shi ya sa ake sayar da shi a manne a jikin ɗan allo mai ƙafafu.

Nan ne mai saye zai buɗe ido. Yana da ɗan'uwa mai suna BMP280, wanda ya fi araha amma ba ya auna danshi, kuma wasu 'yan kasuwa kan sayar da shi da sunan na farkon. Ka ɗaga allon ka dubi ɗan ƙarfen mai sheƙi da ke tsakiya. In tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, BME280 ne. In ya ɗan fi tsawo ta gefe guda, ɗan'uwan ne.

Akwai kuma wani shuɗi mai suna DHT11 da ya cika shaguna saboda araha. Araha ba ta ado. Ba ya karanta danshin da ya gaza kashi 20 cikin ɗari, alhali a tsakiyar hunturu danshin iskarmu kan sauka ƙasa da haka, lokacin da leɓe ke tsagewa, kaushi ke cin diddige. In ba a samu BME280 ba, gara farin, wato DHT22, wanda awonsa ya kama daga sifiri har ɗari.

Idan ka kunna ma'aunin a Kano ka ga nauyin iska bai kai 1013 da ke cikin littafi ba, kada ka zaci ya lalace. Wancan adadin na bakin teku ne, kuma yana raguwa da kusan ɗaya a duk hawan mita takwas. Kano na kan tudun da ya kusa mita 500, saboda haka za ka ga wajen 960, a Jos kuwa ƙasa da 900. Za ka kuma lura da wani abin mamaki na ƙasashe masu zafi: nauyin iska kan hau ya sauka sau biyu kowace rana, ya kai ƙololuwa wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, ya yi ƙasa wajen huɗu na yamma da huɗu na asuba, kamar mai numfashi.

Ƙwaƙwalwa da murya

Ƙwaƙwalwar tashar ɗan allo ne da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta. Biyu sun fi shahara: Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai, da ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016 ɗauke da WiFi a jikinsa. In tashar a tsakar gida take, ESP32 kaɗai ya isa. In kuwa a gona ce, WiFi ba zai kai ba, dole a nemi rediyo.

Mafi sauƙi shi ne ɗan allon FS1000A, mai aiki a kan zangon megahaz 433, zangon da rimot ɗin motoci da yawa ke amfani da shi. Yana kai saƙo daga bayan gida zuwa ɗaki. Mai son nisa sai ya nemi LoRa, fasahar da ta samo asali a birnin Grenoble na Faransa kafin kamfanin Semtech ya saye ta a 2012. Tana aika saƙo ɗan kaɗan, sannu a hankali, amma takan keta kilomitoci a fili marar shinge. Tashar yanayi kuwa ba ta da dogon zance: lambobi biyar ko shida ne duk bayan minti goma.

Abu biyu ake kiyayewa. Na farko, mai aikawa da mai karɓa su zama a zango ɗaya. Ana sayar da LoRa na 433 da na 868 da kuma na 915 da aka yi wa kasuwar Amurka, kuma a ido duk kamarsu ɗaya, sai an karanta rubutun jikinsu. Na biyu, eriya. Ko ka san guntun wayar tagulla ma eriya ce, muddin an yanka ta daidai? A zangon 433 tsawonta santimita 17.3 ne, wato rubu'in tsawon igiyar saƙon. Ƙari ko ragi na rage nisan da za ta kai. Kuma kada a kunna allon LoRa ba eriya a jikinsa, don ƙarfin da ya rasa mafita kan dawo ya lalata shi.

Sirrin batir shi ne barci

Batirin da aka fi amfani da shi shi ne 18650. Sunan awonsa ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Shi ne a cikin tsofaffin batiran laftof da fitilun caji da yawa. In ka ga an rubuta 9,900 a jikinsa a matsayin yawan cajin da yake ɗauka, ajiye shi, don na ƙwarai ba su cika wuce 3,500 ba. Ka ɗauka a hannu ka ji: na jabu sau da yawa ba shi da nauyi. Ana haɗa shi da ƙaramin faifan sola mai bolt biyar ko shida, da allon caji TP4056, a zaɓi mai kariya, wanda ke yanke wuta kafin batir ya tsotse ƙarƙaf.

Abin da ke sa batir ɗaya ya daɗe shi ne tashar ba ta zama a farke. Takan tashi na 'yan daƙiƙoƙi, ta karanta ma'aunai, ta aika, ta koma barci mai nauyi wanda kusan ba ya cin wuta. Cokalin ruwa kaɗai aka ba izinin tashin ta kafin lokaci.

Ina ake samun kayan?

Kaso uku ne. Waya, dalma, ƙarfen liƙi, mitar gwaji, batir da faifan sola, duk ana samu wurin masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko Alaba a Legas, ko kowace babbar kasuwa. Kaso na biyu na wurin mai gyaran rediyo da 'yan gwangwan: maganaɗisu, boris na tsohuwar fanka don sandar ludaya, bututun ruwa na roba. Kaso na uku, wato ma'aunai da allunan ƙwaƙwalwa da LoRa, sai shagunan kayan ɗaliban injiniya ko oda ta intanet, wadda kan ɗauki makonni in daga Sin za ta taso. Mai son tasharsa ta tari ruwan farko, tun cikin hunturu zai yi oda. Ka riƙe lambar kowane kaya a takarda, don da lamba ake ciniki a wannan fage. Ƙananan kuma ka sayi bibbiyu, saboda hannun mai koyo ba ya rasa ƙona ɗaya.

Wurin kafawa rabin aiki ne

Ma'aunin da ya fi kowane tsada zai yi ƙarya in aka ajiye shi a rana ko kusa da rufin kwano, don zafin kwanon zai auna. Tun 1864 wani injiniya ɗan Sikotilan, Thomas Stevenson, ya fito da farin akwati mai tagogin iska don maganin wannan. A gida, fararen farantan roba biyar ko shida sun wadatar. A kife su, a jera wani bisa wani da 'yar tazara, a huda tsakiyar na ƙasa, a rataye ma'aunin a ciki: inuwa ta samu, iska na ratsawa. Ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce a ɗaga shi tsakanin mita 1.25 da mita 2 daga ƙasa. Ma'aunin ruwa kuma ya zauna daram ba karkata, nesa da bishiya da katanga.

Sai kulawa. Ƙurar hunturu kan toshe mazurari, gizo-gizo kan ɗaure cokula da saƙarsa, zanzaro kan yi gini a duk ramin da ya samu. Kafin damina a buɗe a wanke, a sake gwaji da sirinji.

Me za a ƙaru da shi?

Afirka na cikin nahiyoyin da suka fi ƙarancin tashoshin auna yanayi. Hukumar NiMet a Najeriya da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 suna fitar da hasashen damina, amma ba za su iya kafa ma'auni a kowace gona ba. Shi ya sa shirin TAHMO ya ɗauki burin kafa tashoshi 20,000 a nahiyar, da yawansu a makarantu.

Na'urar ba ta san gaibu ba, abin da Allah Ya saukar take aunawa. Amma ranar da iska ta juya daga arewa maso gabas ta koma kudu maso yamma, mai ita zai ga danshi ya fara hawa, ya san damina ta ƙarato. In ya yi shekara uku yana rubuta lambobin a littafi, zai san milimita nawa ke kai lema inda dattijon nan ke nema da yatsa a irin ƙasar gonarsa. Daga nan, ranar da aka kwana ana ruwa, tun kafin ya fita sallar asuba ya san ko yau ranar ɗaukar sungumi da iri ce, ko kuwa a ƙara haƙuri.