Kira da Baiwa a Rayuwar Kirista

A koyarwar Kirista kira iri biyu ne. Akwai wanda ya haɗa kowa: mutum ya tuba, ya bi Yesu Almasihu, ya yi zaman tsarki. Akwai kuma wanda ya keɓanta ga mutum shi kaɗai, wato aikin da Allah ya nufe shi da shi, tare da baiwar da zai yi aikin da ita. Na biyun ne yakan hana matasa barci, domin ba a rubuce yake zuwa ba.

Sabon Alkawari ya jera baye-bayen Ruhu a wurare huɗu: Romawa sura 12, 1 Korintiyawa sura 12, Afisawa sura 4, da 1 Bitrus sura 4. Jerin bai zo iri ɗaya ba, shi ya sa malamai da dama suke ganin misalai aka bayar, ba a ƙidaye su duka ba. A ciki akwai annabci, koyarwa, warkarwa da magana da harsuna, akwai kuma kyauta, jinƙai, taimako da iya shugabanci. Da mutanen Korinti suka fifita wasu baye-baye a kan wasu, sai Manzo Bulus ya kwatanta musu ikilisiya da jikin mutum, inda ido ba shi da halin raina hannu.

Kuskure ne babba a ɗauka cewa fasto da mai bishara kaɗai aka kira. Littafin Fitowa sura 31 ya nuna Allah ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙa. Dokas ta garin Yafa kuwa ɗinki take yi. Da ta rasu, matan da mazansu suka mutu suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka da hannunta. A shekarar 1520 Martin Luther ya farfaɗo da wannan fahimta a Jamus, ya koyar da cewa duk mai baftisma firist ne, kuma maƙeri da manomi da baduku kowa yana da hidimarsa a gaban Allah. A Wusasa kusa da Zariya ma, coci da makaranta da asibiti tare mishan ta kafa su, don haka malamin aji da mai jinya duk ma'aikata ne a gona ɗaya.

To, ta yaya mutum zai gane nasa kiran? Da yawa suna zaman jiran mafarki ko murya daga sama, irin abin da ya sami Musa a gaban kurmi mai cin wuta, ko Bulus a hanyar Dimashƙu. Hakan yana faruwa, amma ba kullum ba, kuma ko waɗanda suka ji murya sun bukaci mutane. Sau uku yaro Sama'ila yana rugawa wurin Eli kafin tsohon ya gane Ubangiji ne ke kiransa. Bulus da kansa sai da Barnaba ya je Tarsus ya nemo shi, suka shekara suna koyarwa a Antakiya, sannan aka keɓe su don aikin bishara a lokacin da ikilisiya ke azumi da addu'a.

Addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki su ne tushe. Sai kuma abin da yake damun zuciya: Nehemiya ya ji labarin rushewar garun Urushalima, ya zauna ya yi kuka, a ƙarshe shi ya jagoranci ginin. Amma hanyar da ta fi bayyana baiwa ita ce a sa hannu cikin aiki. Budurwar da aka bar wa ajin makarantar Lahadi, ta ga yara sun yi tsit suna sauraronta, mako na gaba kuma suka maimaita mata labarin ba kuskure, ta sami amsar da zaman jira ba zai ba ta ba. Haka matar da zumuntar mata ke turawa duk gidan da aka yi rashi, don an lura bakinta na sanyaya zuciya. Sau da yawa jama'a kan riga mai baiwa ganin baiwarsa. Saboda haka shaidar dattawan ikilisiya tana da nauyi, musamman ga wanda ya ce an kira shi ya buɗe coci, domin son girma yana iya shigar burtu ya zo da kamannin kira.

Tsoro ma yana rufe baiwa. Musa ya kawo uzurin nauyin baki, Irmiya ya ce shi yaro ne, bawan nan na Matiyu sura 25 kuma ya tona rami ya binne kuɗin ubangidansa. Tuntuɓe a farkon tafiya bai nuna babu kira ba. Yahaya Markus ya bar su Bulus a Bamfiliya ya koma Urushalima, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba ya ɗauke shi zuwa Kubrus, bayan shekaru kuma Bulus ɗin ne ya rubuta wa Timoti cewa ya taho da Markus, domin yana da amfani gare shi a hidima.