Daga Ruwan Gizo Zuwa Sararin Samaniya: Aikin Marubuci a Hukumar Tauraron Ɗan'adam

Wataƙila ka taɓa cin karo da irin wannan bidiyon a WhatsApp: wasu fitilu ne a jere suna tafiya a sama bayan magariba, kamar an zare carbi, mai ɗaukar bidiyon yana ta salati. Kafin gari ya waye an tura shi zaure goma, wani ya ce aljannu ne, wani ya ce jiragen leƙen asiri ne, wani ya ce alamar tashin duniya ce.

Galibi irin waɗannan fitilu taurarin ɗan'adam ne na Starlink da ba a jima da harbawa ba, suna tafiya a layi ɗaya kafin kowanne ya kama hanyarsa, hasken rana ne ke dukansu muke hangowa. Bayanin bai wuce layi biyu ba. To amma wa zai rubuta shi da Hausar da manomi a Ruwan Gizo ko ɗalibar sakandare a Bakura za su gane, kuma ya riga jita-jita isa wayoyinsu? Wannan aiki ne mai zaman kansa, kuma hukumomin sararin samaniya na duniya suna ɗaukar mutane musamman dominsa.

Mene ne aikin?

Duk hukumar da ke harba kumbo da kuɗin jama'a, wajibi ne ta gaya wa jama'a abin da ta samo. Dokar da ta kafa NASA ta Amurka a 1958 ta ɗora mata nauyin yaɗa sakamakon ayyukanta iya yadda zai yiwu. Shi ya sa a gefen injiniyoyi akwai marubuta. Su ne ke zama da masani ya yi bayanin bincikensa, su yi ta tambaya har sai sun fahimta, sannan su mayar da shi darasin aji, ko labarin rediyo, ko gajeren bidiyo. Bayan sun rubuta sai su mayar wa masanin ya duba, kada sauƙaƙawa ta koma ƙarya. NASA na da shafin yara mai suna Space Place tun 1998, tana kuma wallafa bayananta da harshen Sifaniyanci saboda miliyoyin Amurkawan da ke magana da shi.

Mu ma muna da tamu hukumar. An kafa NASRDA a 1999, hedikwatarta na Abuja, tana da cibiyoyi a Jos da Nsukka da Toro ta jihar Bauchi da sauransu. Cibiyar ARCSSTE-E da ke Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife ita ce ta yi fice wajen ilimantarwa da kai kimiyyar sararin samaniya makarantu.

Kuma akwai abin ba da labari. An harba NigeriaSat-1 ranar 27 ga Satumba 2003 daga Rasha, kuma hotunansa sun yi amfani wajen aikin agaji bayan guguwar Katrina ta 2005 a Amurka. NigComSat-1 da aka harba daga China a 2007 ya lalace a 2008 saboda matsalar faifan da ke tara masa wutar rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011. A Agustan wannan shekarar ne aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa yayin samun horo a Ingila. Tambayi abokanka a majalisa, nawa ne suka san wannan tarihi? Mafi yawan abin da aka rubuta a kai da Turanci yake, Turancin ma na masana.

Dutsen da ya faɗo a Zagami

Marubucin da zai yi wannan aiki da Hausa ba sai ya aro labari daga nesa ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo daga sama a wata gona a Zagami, cikin ƙasar Katsina, maƙwabciyar Zamfara, ya kusa samun manomin da ke wurin. Daga baya masana suka gano cewa ɓallin duniyar Mars ne. Ta yaya suka sani? Sun samu iskar da ta maƙale a cikinsa, suka kwatanta ta da awon iskar Mars da kumbunan Viking suka yi a 1976, sai suka ga iri ɗaya ce. A 1996 aka saka ɗan ƙanƙanin gutsurensa a kumbon Mars Global Surveyor, wato aka mayar da shi kewayen inda ya fito. Yau sunan Zagami sananne ne a dakunan binciken duniya, amma da wuya ka ji shi a ajin kimiyya a Funtuwa ko Gusau.

Rashin sanin yana da tsada. A Nuwamba 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai nauyin kilo 24 da ɗoriya a yankin Agadez na Jamhuriyar Nijar. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Wanda bai san darajar abin da ke gonarsa ba, da kuɗin goro za a raba shi da shi.

Ranar da rana ta ɓace a Gusau

Ranar 29 ga Maris 2006 da hantsi, wata ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina, gari ya yi duhu na 'yan mintuna. Masana sun san ranar da mintin tun shekaru da dama kafin nan, domin lissafi ne. Abin da ake buƙata kawai shi ne mai isar da saƙo kafin lokaci. Inda saƙo bai isa ba, tsoro ke cike gurbin: a Janairun 2001 husufin wata ya zama sanadin tarzoma da ƙone-ƙone a Maiduguri.

A nan ne ake gane gwanin marubuci. Ba zai zo yana yi wa mutane dariya ba. Ya san cewa addini ya riga ya koyar da cewa husufi ba ya faruwa don mutuwar wani ko haihuwarsa, kuma akwai sallar da ake yi. Nasa shi ne ya faɗi rana da lokaci, ya bayyana yadda inuwar wata ke sauka a kan ƙasa, sannan ya ja kunne: kallon rana kai tsaye na ƙona ido, baƙin gilashin kwalliya ba ya karewa. Ya koya wa yara su huda kwali da allura su kalli hoton ranar a ƙasa, ko su duba inuwar bishiyar dogon yaro, za su ga ƙananan lauje birjik.

Aikin na nan tafe. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi cikakken husufin rana a arewacin Afirka da Saudiyya, har da Makka, mu a arewacin Najeriya za mu ga wani ɓangare. Ranar 20 ga Maris 2034 kuwa cikakken zai ratsa kudancin Najeriya.

Bakolori daga sama

Ba duk aikin ne kallon sama ba, rabinsa kallon ƙasa ne. Buɗe Google Earth a wayarka ka nemo madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato. Za ka ga tafkin, ka ga magudanan ruwa sun miƙe zuwa gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton wannan yanki kusan duk kwana 5, kuma kyauta ne a shafin Copernicus Browser. Kowane ɗigo a hoton daidai yake da fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, ke nan gona mai hekta ɗaya ɗigo 100 ce. Kyamarar tana ganin wani haske da idonmu ba ya gani, wanda lafiyayyen ganye ke mayarwa da ƙarfi, ganyen da ya ji ƙishi kuma ya rage mayarwa. Da haka ake iya gane ɓangaren da ruwa ba ya kai wa, ko a kwatanta girman tafki na bana da na bara. Bayanin na nan a intanet, amma bai amfani mai noman shinkafa ba sai an samu wanda ya ce masa, da harshensa, ga abin da launin nan ke nufi ga gonarka.

Wahalar aikin: kalmomi

Mun ci gado mai kyau. Kafofin yaɗa labarai sun ba mu tauraron ɗan'adam da kumbo da 'yan sama jannati. Kakanninmu sun bar mana Zara matar wata, da gamzaki, da kaza da 'ya'yanta. Marubuci mai wayo daga nan zai fara. Ya ce wa mai karatu Zara da yake gani da yamma da gamzakin asuba abu ɗaya ne, duniyar Venus ce, ba ta da hasken kanta. Mutum ya fi riƙe sabon ilimi idan an rataya shi a jikin abin da ya sani.

Haka lambobi. Idan ka ce tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa na nisan kilomita 400 daga ƙasa, an ji an wuce. Idan ka ƙara da cewa tana zagaye duniya cikin minti 90, tsawon wasan ƙwallo guda, sau 16 a rana, to ya zauna.

Ta ina za ka fara?

Ba sai kana da digirin kimiyyar taurari ba, kodayake yana taimakawa. Ana shiga ta aikin jarida, ko koyarwa, ko nazarin harshe, ko kimiyya. Guraben aiki a hukuma ba su da yawa, kuma babu mai yi maka alkawari. Amma duk mai ɗaukar marubuci abu ɗaya yake fara tambaya: ina abin da ka rubuta? Ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ko Jami'ar Tarayya ta Gusau na iya fara tara nasa yau.

Sauke manhajar Stellarium, tana nuna sunan duk abin da ka ɗaga waya ka nufa, kuma tana aiki ko babu intanet, abin da ya dace da yankin da sabis ke yawan yankewa. Ba sai ka fita daji da dare ba, tsakar gida ya isa, musamman inda babu hasken lantarki da yawa. Duba manhajar NASA don sanin lokacin da tashar sama za ta gifta ta kan garinku. Duk mako ka zaɓi abu ɗaya, ka tabbatar da shi daga shafin hukuma, ka rubuta kalma 200, ka karanta wa ƙanenka ko mahaifiyarka. Inda suka tsayar da kai da tambaya, nan ne gyara yake. Sai ka saka a Facebook ko Wikipedia ta Hausa, ko ka naɗi murya don waɗanda ba sa karatu.

Makon Sararin Samaniya na Duniya na zuwa duk shekara daga 4 zuwa 10 ga Oktoba. Nemi izinin shugaban makarantar firamaren garinku, ka shiga aji da labarin Zagami, wanda ranar faɗowarsa ta zo kwana ɗaya kafin makon ya fara.