Zare Dubu, Allura Ɗaya

Ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara. Ɗalibi ne cikinsa ya murɗa a ɗakin kwana, ko kuwa wata ce ba ta dawo makwanci ba, ƙawayenta sun rasa inda ta shiga. A jami'o'in ƙasar Sin ba shugaban sashe ake kira ba, ba kuma malamin da ke koyarwa ba. Fudaoyuan ake kira, jami'in da aka danƙa wa rayuwar ɗalibai. Shi zai zura takalmi ya raka yaro asibiti, ya buga wa iyayen da ke can wani lardi mai nisa, ya rubuta rahoto, da safe kuma a tarar da shi a ofis.

Aikin ya samo asali a Jami'ar Tsinghua da ke Beijing a 1953, lokacin da shugabanta Jiang Nanxiang ya zaɓo ɗaliban manyan azuzuwa su riƙa yi wa na ƙasa da su tarbiyyar siyasa. Hu Jintao, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, ya taɓa riƙe matsayin a can. Yanzu ya zama sana'a mai zaman kanta. Doka mai lamba 43 da ma'aikatar ilimi ta fitar a 2017 ta ce a samar da jami'i ɗaya ga kowane ɗalibai 200, ta kuma jera masa ayyuka tara, tun daga koyar da aƙidar jam'iyya har zuwa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kashe wutar rikici da taimakon neman aiki. A 2022 yawansu ya haura 240,000.

Sinawa na da karin maganar da ta dace da jami'an nan: zare dubu a sama, allura ɗaya a ƙasa. Ofishin tallafin karatu ya aiko fom, na tsaro ya aiko nasa, kowa ta kafar allurar nan zai bi, saƙon WeChat kuma bai san dare ba. Lokacin korona, su ne masu tattara zafin jikin ɗalibai kullum da duba takardun izinin fita. A 2023 ɗalibai kusan miliyan 11.6 suka kammala karatu cikin ƙarancin aiki, aka bar jami'an da bin su ɗaya bayan ɗaya: ka samu aiki? Turo takarda.

Masaniyar halayyar ɗan Adam Christina Maslach ta raba gajiyar da irin wannan aiki ke jawowa gida uku: ƙarewar kuzarin zuciya, bushewar tausayi ga waɗanda ake yi wa hidima, da jin cewa aikin ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin abin da matsin aiki ke haifarwa. Na biyu cikin ukun ne ya fi taɓa min zuciya. Matashin da ya shigo yana haddace sunan kowane ɗalibi da garinsu, bayan shekara huɗu sai ya ga yarinya tana kuka a gabansa, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne fom ɗin da zai cike.

A ganina ba yawan aiki kaɗai ke jawo haka ba. An ce ya zama aminin ɗalibi, an kuma ce ya zama idon hukuma. Yarinyar da ta gaya masa asirinta ta san zai iya kai shi sama, shi ma ya san in ya yi shiru wani abu ya faru, wuyansa za a kama. Horon sarrafa damuwa da jami'o'i ke shiryawa yana rage zafi, hira da abokan aiki ma haka, amma babu wanda ya warware wannan ƙulli.

Shi ya sa da yawa ke neman mafita ta ƙofa: wasu su shiga karatun digiri na uku don komawa koyarwa, wasu su nemi canji zuwa ofishin mulki. Ɗalibai 200 ɗin sai a miƙa wa sabon ɗauka da bai daɗe da gama digiri na biyu ba, a raba musu lambar wayarsa tun ranar farko.